Garin Tom Brown da na yi wata bakwai ina saya wa ɗana da ba ya cin nama

Ɗana bai taɓa haɗiye nama ba. Tun yana wata takwas nake gwadawa. Na daka masa a turmi, na yayyanka ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, na ɓoye a cikin faten dankali. Zai tsotse romon tas, ya tara tsokar a kumatu, sai can bayan rabin awa in tsince ta a bayan kujera. Da ya kai shekara ɗaya da wata biyu na haƙura. Gaskiya kuma haƙurin bai yi mini wuya ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 nama ya koma abin da ke shiga tukunyarmu sau ɗaya ko biyu a mako, shi ma don miya ta yi ƙamshi ne. Amma abin yana raina. Kullum in na kalle shi sai in tambayi kaina ko yaro zai girma lafiya ba tare da nama ba.

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ce ta haɗa ni da wata mata a nan Kano da ke haɗa garin Tom Brown a gidanta. Ba ta da shago. A WhatsApp take tallata shi, kana yi mata magana ta ɗaura maka a leda mai kauri, ko ta zuba a roba mai murfi in ka ƙara kuɗi kaɗan. Ba zan faɗi sunanta ba, don akwai abin da zan yaba kuma akwai abin da zan kushe, ita kuwa mace ce mai neman halalinta. Ranar farko da na je ta ce mini: "Malama, in dai yana shan wannan, ki manta da maganar nama. Duk abin da ke cikin nama yana ciki." Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma rabinta ne gaskiya.

Ga wadda ba ta san shi ba, Tom Brown gari ne na hatsi da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne daban sannan a niƙa tare. Sunan ya daɗe a Ghana da kudancin Najeriya, amma a arewa ƙungiyoyin agaji ne suka yaɗa shi, musamman Catholic Relief Services a Borno da Yobe, inda aka riƙa koya wa mata haɗa shi don yaran da tamowa ta fara kamawa. Awon da aka sani shi ne shida, uku, ɗaya: gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Mai garin nan awon da take bi ke nan, sai dai tana ƙara dabino kaɗan don zaƙi. Iri biyu take yi, mai busasshen kifi da marar kifi. Na ɗauki marar kifin, saboda ɗana in ya ji ƙarni ko cokalin ba zai kalla ba.

Abin da ya fara saye ni shi ne ta bar ni na ga yadda take aikin. Na same ta a tsakar gida da ƙaton kasko a kan murhun gawayi, tana juya waken suya da muciya har ya yi ruwan zuma, ƙamshinsa ya cika gidan. Ta ce in bai soyu har ciki ba yana kumbura wa yaro ciki, kuma haka ne, ɗanyen waken suya yana da abin da ke hana jiki narkar da furotin, wato sinadarin gina jiki, wuta ce ke kashe abin. Bayan ya huce a ɓarza shi, a sheƙe ɓawon. Gyaɗar kuwa 'ya'yanta mata biyu ne ke zaune da faifai suna tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yamutse ko ta yi baƙi ko ta yi fumfuna sai a jefa a wani kwano daban. Na ɗauki wata da suka ware na fasa, cikinta ya yi kore-kore. Wannan tsintar ba ƙaramin abu ba ce. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi suna haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Mai son riba zai niƙe har da ruɓaɓɓun, ba wanda zai sani. Ita ba ta yi. A kasuwar Dawanau take sayo hatsinta da buhu, kuma na ga buhunan a kan katako, ba a ƙasa ba.

Garin kansa launin ƙasa-ƙasa ne, mai laushi, da ƙamshin soyayyar gyaɗa. Ana dama cokali uku ko huɗu da ruwan sanyi, a juye a tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa kamar minti goma zuwa sha biyar. In ka gajarta dahuwar za ka ji gafin wake. Ta ja mini kunne kada in yi shi tsararo kamar koko, a bar shi da kauri yadda zai zauna a cokali in an karkata shi. Nan ma ta yi daidai. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in ka cika shi da ruwa-ruwan kamu ya ƙoshi ne ba tare da ya ci komai ba. Ɗana ya karɓe shi tun ranar farko, har yana kama hannuna yana jawo cokalin. Leda ɗaya tana yi mana kusan mako biyu, kuma kuɗinta bai kai na rabin kilo na nama ba. In ka kwatanta da abincin yara na gwangwani da ake sayarwa a kantuna kuwa, ba a ma haɗa su.

Wata uku na farko ban ga abin kushewa ba. Kumatunsa suka ciko. A wurin awo layinsa a kati yana hawa, tef ɗin da ake naɗawa a dantse ya nuna kore. Ganin haka sai na saki jiki. Na yaye shi yana shekara ɗaya da wata biyar saboda aiki, abincinsa ya koma shayi da burodi da safe tare da yayyensa, kunun Tom Brown da hantsi da la'asar da dare, sai ɗan tuwo da miya in ya ga dama. Ƙwai ba ya ci, don surukata ta hana. Madara ɗan abin da ke shiga shayi ne kawai.

A cikin wata na huɗu na fara ganin yana lasar bango. Akwai wani lungu kusa da randa inda siminti ya fashe, sai in same shi yana ƙwaƙular ƙasa yana kaiwa baki. Na ɗauka ƙiriniya ce. Daga baya ya rage wasa, ya zama mai yawan rigima, ɗan gudu kaɗan sai ya zo ya kwanta a cinyata. Ranar awo malamar asibitin ta ja fatar idonsa ta ƙasa, ta buɗe tafin hannunsa ta ajiye kusa da nawa. Nasa ya yi fari fat. Ta tura mu gwajin jini, sakamako ya nuna jininsa ya yi ƙasa, ko da yake bai kai na ƙarin jini ba. Ba a sami zazzaɓin cizon sauro ba.

Ta zaunar da ni ta ce, "Maman yaro, faɗa mini duk abin da ya shiga bakinsa daga jiya da safe zuwa yanzu." Na lissafa. Ta ce, "To ina ƙwai? Ina nono? Ina kifi? Ina ɗan lemo ko gwanda?" Na ce ai yana shan Tom Brown sau uku. Ta ce garin yana da kyau, su ma suna koya wa mata haɗa shi, amma ba a yi shi don ya zama shi kaɗai ba. Likita ya rubuta masa maganin ƙarin jini na ruwa na wata uku da maganin tsutsar ciki. Na fito daga asibitin jikina a sanyaye, domin yaron yana da ƙiba, kowa na yaba shi, ashe jini na ta raguwa a ciki.

A daren nan na zauna na yi ta karatu a waya, kuma abin da na fahimta shi ne ya kamata a ce mai garin tana faɗa wa duk wanda ya zo saya. Nama ba furotin kaɗai yake ba yaro ba. In don furotin ne, maganarta gaskiya ce. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku giram 13 kacal yake buƙata a rana, kuma hatsi da waken suya in sun haɗu suna cike giɓin juna, su ba da furotin mai kyau. Shi ya sa ɗana ya yi kumatu. Matsalar tana wurin ƙananan sinadaran da ido ba ya ganin rashinsu da wuri.

Na farko sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Yaro mai waɗannan shekarun yana buƙatar miligiram 7 a rana. Gero da waken suya suna da shi, amma irin na tsirrai ne, jiki kaɗan yake iya tsotsa, ba kamar na nama da hanta da kifi ba. Ga kuma wani sinadari a cikin hatsi da wake mai suna fayitet da ke riƙe ƙarfen da zink ya hana su shiga jini. Jiƙa hatsi, ko barinsa ya yi tsami, ko ya tsiro, yana rage shi, abin da iyayenmu ke yi wa kamu da daddawa tun kafin a san sunansa. Suya kaɗai ba ta yin wannan aikin sosai. Shayi ma yana hana tsotsar ƙarfen, ni kuwa da shi nake buɗe wa ɗana rana. Abin da ke taimakawa shi ne bitamin C a lokaci guda da abincin: lemo, gwaiba, gwanda, tumatir, garin 'ya'yan kuka. Masana ma sun ce wanda ba ya cin nama yana buƙatar kusan ninki biyu na ƙarfen da mai cin nama ke buƙata.

Na biyu bitamin B12, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Babu shi a gero, babu a wake, babu a gyaɗa, babu a zogale. Daga dabba kaɗai yake zuwa: nama, kifi, ƙwai, nono. Rashinsa yana rage jini, yana kuma taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwar yaro a daidai lokacin da take ginuwa, wani lahanin ma ba ya gyaruwa in an makara. Abin da yaro ke buƙata ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 0.9 a rana. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan rabi, kofin madara ɗaya ya isa. Lokacin da nake shayar da shi yana samu a nonona. Da na yaye shi, na toshe wannan ƙofar ban buɗe wata ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta ce a ba yaro abin da ya fito daga dabba kowace rana, nama ko kifi ko ƙwai. "Ko" ta ce. Wannan kalmar ta kwantar mini da hankali, don ma'anarta ba dole sai tsoka ba. A Indiya miliyoyin gidaje ba sa cin nama tun kaka da kakanni, amma madara da kindirmo da wake ba sa yankewa a abincinsu. Ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce a 2016 abinci marar nama zai iya wadatar da yaro in an tsara shi da kyau, ita kuwa ta Jamus a shekarar nan ɗin ta ƙi ba da shawarar a hana ƙananan yara duk wani abin dabba, har ƙwai da madara. Su can masu barin nama don ra'ayi suna da ƙwayoyin B12 da abinci mai ƙarin sinadarai a kowane kanti. Mu a nan yawancinmu ba ra'ayi ba ne, tsada ce, ko yaro ne ya ƙi. Kuma ƙasarmu ba ta da rarar jinin da za a yi wasa da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, a arewa maso yamma kuma kashi 57 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ɗana ya shiga lissafin farko yana shan kunu mai kyau sau uku a rana.

Maganar ƙwai ita ce ta fi wuya a gida. Surukata ta taso ne a kan cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi kwaɗayi, daga kwaɗayi sai ɗauke-ɗauke. Ban yi mata gardama ba. Maigidana na sa ya kai ta wurin awo na gaba, malamar asibitin ta gaishe ta da ladabi ta ce, "Hajiya, jikanku jininsa ne ya yi ƙasa. Tunda ba ya cin nama, ku taimaka mana da ƙwai ɗaya kullum, magani ne a wurinsa." Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce in dai magani ne ba ta da ta cewa. Bayan kwana biyu ita da kanta ta aiko da ƙwan zabi guda goma daga ƙauye, a naɗe cikin dusa.

Ba na son a ɗauka ƙwai shi ma ya gama komai. An yi wani gwaji a Ekwado inda aka riƙa ba jarirai ƙwai ɗaya kullum har wata shida, tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Da aka maimaita a Malawi, inda yara dama suna samun kifi, ba a ga bambanci a tsayinsu ba. Kuma ƙwai da madara ba su da ƙarfe mai yawa. Madarar shanu ma in ta wuce kamar rabin lita a rana tana cika wa yaro ciki ya ƙi abinci, jinin ya ƙara raguwa. Don haka kowanne da aikinsa.

Yanzu shayi ya fita daga abincinsa kwata-kwata. Da safe kunun Tom Brown mai kauri, in fasa ƙwai in kaɗa a ciki yana kan wuta har ya dahu, ko ya sani ba ya yi. Yana gamawa in ba shi ɓarin lemo ko yankan gwanda. Da rana abin da muke ci yake ci, faten wake da alayyahu da manja, ko shinkafa da wake, ko dambun zogale, ko awara da na murmushe masa da tumatir. Da la'asar rabin kofi na kindirmo. Busassun ƙananan kifi ina soya su sama-sama in daka har da ƙashi su zama gari, in barbaɗa rabin cokalin shayi a miyar kuka inda daddawa ke danne ƙarnin. Kunun ya koma sau ɗaya, wani lokacin biyu. Bayan ya gama maganin aka sake gwaji, jininsa ya dawo daidai, lasar bango ta tsaya tun a makonnin farko.

Akwai sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba game da garin. Ledar ba ta da rubutun komai: ba ranar da aka haɗa, ba ranar da zai lalace, ba jerin abin da ke ciki, balle lambar NAFDAC. Gari mai gyaɗa da waken suya yana da mai, in ya daɗe a zafin Kano yana canza wari. Sau ɗaya, cikin watan Afrilu, na sayi wanda tun da na buɗe na ji ya fara ɗaci, da alama ya kwana biyu a wurinta. Ta canza mini ba musu. Wani karon kuma na ji yaji-yaji a ciki, ɗana ya sha cokali biyu ya fashe da kuka. Ashe injin da ta kai niƙa an gama niƙa barkono ne ba a wanke ba. Rashin rubutun yana da haɗari ga gidan da yaronsu gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Dabinon ma a ganina ya ɗan yi yawa a wasu haɗin, kuma ba na ƙara sukari ko kaɗan.

Na koma wurinta na ba ta labarin gwajin jinin. Na yi zaton za ta kare kanta. Sai ta riƙe haɓa ta ce, "Wallahi Malama ban sani ba, ni ma haka na ji ana faɗa. Allah ya ba shi lafiya." Ta tambaye ni me ya kamata ta riƙa cewa, na ce ta ce a haɗa da ƙwai ko nono ko kifi kullum, a bi da ɗan lemo, kuma duk yaron da tef ya nuna ja, wato dantsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi a ba shi abincin tamowa na musamman, kunu ba zai yi ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa nonon uwa kaɗai. Na ga ta cire maganar nama daga tallanta. Rubutun kwanan wata dai har yau ba ta fara ba, duk da na yi mata magana sau biyu, don haka ni nake tambayar ranar da za ta yi sabon haɗi in je in karɓa da ɗuminsa, in juye a kwalba mai murfi in rubuta ranar da kaina.

Zan ci gaba da saya. Ya fi koko da kamu nesa ba kusa ba, ya fi sauƙin kuɗi, kuma na ga hannun da ke tsince gyaɗar. Wadda ke da lokaci da injin niƙa mai tsabta a kusa za ta iya haɗawa da kanta, ta ma jiƙa geron ya kwana kafin ta shanya ta soya. Ni aikin makaranta bai bar mini wannan sararin ba. Wannan makon na ce ta haɗa mini rabi mai kifi rabi marar kifi, zan riƙa gauraya su kaɗan-kaɗan in ga ko zai karɓa.